Mai Gidan Ya Yi Tafiya

Idan ka tambayi mutanen layinsu sunansa na yanka sai sun yi ta sosa ƙeya, domin Mai Fenti kowa ke ce masa tun yana saurayi. Dogo ne siriri, da ɗan rankwafawa irin ta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tsani, kuma duk sabulun duniya bai taɓa fitar masa da farce tas ba. Ko gaisuwar rashi ya je, ana addu'a idonsa na kan kusurwar da danshi ya kumbura bango. Ba ya shafa fenti a kan tsaga. Sai ya kankare, ya cike, ya bar wurin ya bushe, ko da mai aikin na tsaye a kansa yana huci. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, shi ne ciniki. Da an ce masa “rage mana” sai kunya ta kama shi kamar shi ya yi laifi, ya rage har ya ci uwar kuɗi, ya dawo gida yana murna an yaba aikinsa.

Matarsa ce take tsare wannan ƙofar. Tela ce, mai tsohon keken ɗinki na ƙafa, wanda in ya lalace ita ke kwance shi ta ɗaure da hannunta, shi ya sa yake kiranta Injiniya. Ita kuwa Baban Auta take ce masa, ko da yake 'yar tasu ɗaya ce tal, ita ce babba ita ce autar, kuma aure ya kai ta wani gari mai nisa. Mace ce mai baki. Idan ya dawo ya faɗi abin da aka biya shi, takan cire allura daga bakinta ta ce, “To madalla. Gobe ka haɗa musu da tsanin, kyauta ta cika.”

Gidan nasu a hankali ya tashi, bulo bayan bulo, ɗaki bayan ɗaki. Ɗakuna uku ne da falo, da 'yar tsakar gida mai famfo da bishiyar lemun tsami. Kowane ɗaki da launinsa, don da ragowar fentin gidajen masu hali aka shafe shi: falo ruwan madara daga gidan wani lauya, ɗakin Auta shuɗi daga wani otal, madafi kuwa haɗin gambiza ne wanda shi kansa bai san sunansa ba. Keken ɗinkin yana ɗakinsu, a gindin tagar da ke kallon tsakar gida. Injiniya takan ce hannunsa ya gina rabin gidan, ƙafarta ta dama ta gina rabi, kuma rabin nata ne ke da rufi. Bai taɓa musa mata ba, don gaskiya ce.

A wannan ƙafar abin ya fara. Ta daɗe da ciwon suga, tana shan magani ran da ta tuna. Wata rana ta taka allura a ƙasan keke, ba ta ma ji ba, sai da ta ga jini a tabarma. Ɗan rauni ne wanda yaro ma ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa. Babban yatsa ya kumbura, ya yi ja, ya koma ruwan toka, daga nan ya fara baƙi. Likita ya ce hanyoyin jini ne suka toshe. Akwai aikin da za a yi a buɗe su a ceci ƙafar, amma sai a babban asibitin kuɗi, kuma sai an yi shi kafin baƙin ya haura idon sawu. In ya haura, magana ta koma ta yankewa. Da aka faɗa wa Mai Fenti kuɗin aikin, sai ya nemi bango ya jingina.

Ya sayar da babur, ya sayar da injin feshi, surukinsa ya aiko da abin da ya sawwaƙa, duk ba su kai ko'ina ba. Gida kaɗai ya rage a sayar. Ita ta ce a'a, ya ce e, kuma wannan ne karo na farko da ya kayar da ita a gardama. Sai dai ya yi rantsuwa a ransa cewa ba zai ɗora mata lissafi a kan ciwo ba. Bai faɗa mata kuɗin asibiti ba, bai faɗa mata abin da zai sa wa gidan ba. Duk lokacin da ta tambaya sai ya ce, “Ke dai ki ji da ƙafarki, Injiniya.” Yana ganin tausayi ne ya yi mata. Matar da ta riƙe masa ciniki tsawon zamansu, ita ya cire daga cinikin da ya fi kowanne girma.

Da yake ya san kansa, sai ya nemi dillali. Aka nuna masa wani ofis a bakin titi, tsakanin shagon waya da wurin wankin mota, mai tebur ɗaya da fanka da hotunan gidaje a bango. Mai ofishin, An Gama ake ce masa, don ba a taɓa kawo masa maganar da bai amsa da “an gama” ba. Mutum ne mai ƙamshi, mai wayoyi biyu, mai kiran kowa Baba ko Mama da murya kamar ruwan sanyi. Mai Fenti ya zauna ya zazzage masa cikinsa kaf, da ƙafar da likitan da idon sawun. Wanda ya san kasuwa ba ya kai wa mahauci labarin yunwarsa, amma shi ina ya sani? Ya faɗi kuɗin da yake so, wanda zai biya aiki ya bar musu na kama ɗan ɗakin haya. Ya sa hannu cewa ba zai ba wani dillali gidan ba, la'ada kuma sai bayan an sayar.

“An gama, Baba,” in ji dillalin. “Amma ina da sharaɗi, kuma don amfaninka ne. Mai saye kamar kare yake, yana jin ƙanshin matsuwa. Ya kalli fuskar nan taka sau ɗaya, wallahi rabin kuɗi zai taya. Don haka in na kawo mutane, kai ba mai gida ba ne.”

“To ni wane ne?”

“Mai fenti mana! Ba sana'arka ba ce? Ka sa kayan aikinka, ka hau tsani. In an tambaya, mai gida ya yi tafiya, ya bar komai a hannuna. Mama kuma ta zauna a ɗaki a ja ƙofa. Mutane ba sa son sayen gida su tarar da jinya a ciki.”

Maganar ta yi masa ɗaci, amma ta yi kama da hikima, kuma ta sauke masa abin da ya fi tsoro, wato tsayawa gaban mai saye. Ya yarda. Kashegari aka zo da gwangwanin jan fenti aka rubuta lambar waya a katangarsa, rubutu karkatacce yana zuba kamar majina. Ya tsaya yana kallo, hannunsa na ƙaiƙayi.

Haka aka shiga zaman jira. An Gama zai bugo ya ce ga su nan, sai gida ya rikice. A kwashe magunguna, a kunna turare don warin ciwon, a taimaka wa Injiniya ta hau gado, a kulle ta ta waje. Shi kuma ya zura tsohon wandon aiki ya hau tsani, yana shafa bangon da ba ya bukatar shafa. Wani lokaci su zo, sau da yawa ba su zo ba, a wuni a kulle a banza. Waɗanda suka zo kuwa, Allah ya kyauta. Wani ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota ya ce aikin araha ne. Wata ta leƙa madafi ta yi dariyar launinsa har da riƙe ciki. Wani saurayi ya ce shi fili kawai yake so, rushewa zai yi. Akwai ma waɗanda daga gani ka san ba saye ya kawo su ba, 'yan rakiya ne aka ɗebo don a nuna wa Baba ana aiki. Duk Mai Fenti na sama yana ji, ana taka masa rai da takalmi.

Kowace safiya shi ke wanke ciwon. Mutum ne da ya san launi, ba a ɓoye masa shi. Likita na iya cewa “mu ga mako mai zuwa”, amma shi yana ganin yadda ruwan tokar ke cin ja, baƙi na bin ruwan toka, daga yatsa zuwa na kusa da shi, daga nan zuwa bayan ƙafa. Yakan naɗe bandeji ya ce da sauƙi. Ita ma takan ce da sauƙi. In ya fita waje sai ya buga wa An Gama waya.

“Ɗana, ƙafar nan ba ta jira. Ko an rage, ka sayar.”

“Haba Baba, kar ka zubar da dukiyarka. Kasuwa ce ta yi sanyi. Akwai wani babban mutum da ke dawowa jibi. An gama.”

Jibin An Gama ba ta da rana a kalanda.

Ana cikin haka dillalin ya kawo wata dattijuwa, gajera mai tabarau, ungozoma ce da ta yi ritaya, tana neman inda za ta zauna da jikokinta. Ita ba ta ƙwanƙwasa bango ba. Ta buɗe famfo ta ga ruwa, ta tsinki ganyen lemo ta murza ta shinshina, ta tsaya a ɗakin Auta ta daɗe. Wayar dillalin ta yi ƙara ya fita ƙofar gida amsawa, sai ta zo gindin tsani ta ɗaga kai.

“Sannu da aiki, malam. Ka daɗe kana yi wa gidan nan aiki?”

“Na daɗe, Hajiya.”

“Ai na gani. Gidan da aka so ne, ba a gina shi don haya ba. Mai shi fa? Ni na fi son in ga mutum ido da ido.”

Amsar na bakinsa. Kalma uku ce, ni ne shi. Ga mace mai mutunci, ga ƙofar ɗakin da matarsa ke kwance taku kaɗan daga inda suke. Amma ya tuna rabin kuɗi, ya tuna yadda bakinsa ke mutuwa in an ce ya rage, ya tuna ya ba da alkawari. Ya kuma ji kunyar a ce dattijo kamarsa ya yi wasan ɓuya a gidansa. Sai ya tsoma buroshi a bokiti.

“Ya yi tafiya, Hajiya.”

An Gama ya dawo yana murmushi, ya ce, “Malam mai fenti, je ka taɓa mana ƙofar waje, za mu yi magana.” Mai Fenti ya ɗauki bokitinsa ya fita kamar yaron aike. Ya shafa ƙofar nan har ta gaji da shafa. Da suka fito, dattijuwar ta yi masa sallama fuskarta ba walwala, ta shiga motar haya. Dillalin ya taɓe baki.

“'Yan fansho! Abin da ta taya ko kuɗin bulo bai kai ba. Ban ma so in ɓata maka rai da shi.”

Daga ranar Injiniya ta canza. Ta daina tambayar ko an samu mai saye. Ta daina tsokanarsa. In ya zo wanke ciwo sai ta juya fuska bango, in ya gama ta ce, “Sannu, Allah ya saka.” Godiya irin ta baƙo. Ya ɗauka zafin ciwo ne, ya ƙara ƙaimi wajen bin dillali. Ya je ofis ya zauna tun safe har aka rufe, ya roƙe shi da girman Allah, har ya kai ga durƙusa wa yaron da a haife ya haife shi. Ya ce a cire sharaɗin ya kai wa wasu dillalan, aka nuna masa sa hannunsa. Ya je wurin masu ba da rance, suka ce gidan da ke hannun dillali ba sa karɓarsa jingina. Ya rasa inda zai sa kansa. Yana tafiya a titi yana magana shi kaɗai, masu mota na yi masa hon.

Wata safiya ya kwance bandeji ya ga baƙin ya haura idon sawu. Bai ce da sauƙi ba, ita ma ba ta ce ba. Zazzaɓi ya rufe ta a ranar, aka kwashe ta zuwa asibitin gwamnati, inda yankewa ba ta da tsadar ceto. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Auta ta zo ta yi jinya ta yi kuka ta koma wa 'ya'yanta. An Gama ya aiko da saƙon jaje ta waya, da alkawarin wani babban mutum.

Ciki ba ya jiran baƙin ciki ya wuce, don haka bayan 'yan makonni Mai Fenti ya koma aiki. Wani tsohon abokin sana'a ya haɗa shi da aikin wani gida a unguwar da ke bayan tasu. Ya je da tsani a kafaɗa, aka buɗe masa ƙofa, sai ga dattijuwa mai tabarau.

“A'a! Mai fentin gidan lemo! Shigo, shigo. Ka ga inda na ƙare.”

Gidan matsattse ne, ba iska, bangon duk tsaga an lulluɓe da farar ƙasa. Tana zagayawa da shi tana mita.

“Ni fa wancan nake so, har yau yana raina. Na taya iya ƙarfina, wallahi ban rage ko sisi a asusu ba.” Ta faɗi abin da ta taya.

Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Kuɗin ya haura abin da ya nema, haurawa mai yawa. Da ya isa a biya aikin ƙafa, a biya la'ada, a kama haya, har a yi canji.

“Dillalin ya ce da sauran tafiya, mai gidan ya sa kusan ninkin haka. A gabana ya buga masa waya, can tsakar gidan jikin taga. Ya yi ta ‘ranka ya daɗe, ka duba’, ƙarshe ya ce mini mai gida ya ce albarka, shi ba ya cikin matsuwa. Kai da ka san shi, wane irin mutum ne haka? Allah ya raba mu da haɗama.”

Wayar Mai Fenti ba ta yi ƙara ba a waccan ranar. Tana aljihunsa yana shafa ƙofa. Yanzu ya gane tafiyar da aka sa mai gida ya yi: dillalin ya ɗora nasa kuɗin a kan na gidan, yana jiran wanda zai biya duka ya kwashe saman, kuma ya san mai ciwo a ɗaki ba shi da inda za shi. Mai Fenti ya ajiye tsani a hankali.

“Hajiya,” ya ce, “ni ne mai gidan.”

Ta cire tabarau ta dube shi. Ya ba ta labari a tsaye, a gajarce. Da ya kai kan ɗakin da ke kulle, sai ta zauna a kan buhun siminti ta rufe baki da mayafi. Ta yi aikin asibiti rayuwarta duka, ba sai an faɗa mata abin da makonnin nan suka ci ba.

Bai yi aiki ranar ba. Ya bi ta gaban ofishin An Gama, ya gan shi ta gilashi yana dariya da waya a kunne, ya tsaya, sannan ya wuce. Ko ya shaƙe shi ƙafa ba za ta tsiro ba, kuma akwai wadda ta fi cancanta ta fara ji.

Ya same ta a gindin taga, a kan kujera gaban keke, sandunanta jingine da bango. Tana gwada taka keken da ƙafar hagu, yana tafiya yana komawa baya, zare na tsinkewa. Ya zauna a ƙasa kusa da ita ya faɗa mata komai, da abin da ya sa wa gidan, da abin da matar ta taya, da wayar ƙarya. Yana jiran ta yi salati ko ta yi kuka. Sai ta tsayar da keken da tafin hannu.

“Ba da kai ya yi magana ba?”

“Da wa? Ina waje ina shafa ƙofa.”

“Ina kwance a nan, Baban Auta. Tagar nan a buɗe take. Na ji abin da ta taya da kunnena, na ce a raina ko nawa ne kuɗin asibitin, wannan ya isa. Sai na ji ya buga maka, na ji ya ce ka ce albarka.”

“Injiniya! Kika ji haka kika yi shiru? Me ya hana ki tambaye ni?”

“Kai ka ce in ji da ƙafata.” Ta sunkuyar da kai tana laluben bakin zaren. “Na ɗauka da ka ga abin ya zo da gaske sai ka kasa rabuwa da gidan. Ban ga laifinka ba. Na ce gida ɗaya gare mu, ƙafa kuwa biyu gare ni.”

Ya dubi inda ƙafar take a da. Duk safiyar da ya durƙusa yana wanke mata ciwo tana kallon bango, ashe abin da ke ranta ke nan, kuma ta bar shi ya wanke, har tana yi masa sannu. Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta, daidai inda zanen ya faɗa babu komai a ƙarƙashinsa, ya yi kukan da bai yi ba a asibiti. Ta bar shi ya yi. Can ta ɗora hannu a kan furfurarsa, wadda har yanzu akwai ɗigon farin fenti a ciki.

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ba wanda ya motsa, ta yi ta yi har ta gaji.

“Tashi,” ta ce, muryarta a dishe. “Matsar min da keken nan hagu kaɗan. Ƙafar ba ta kai.”